Eriyar da ta juya wa alƙibla baya

Ana saura kwana tara a ɗauki azumin bara Hajiya ta aika a kira ni. Shekara uku ke nan da na ɗauko ta daga gida ta dawo wajenmu nan Sabon Shagamu, ga ciwon ƙafa ya hana ta fita, Hausar da take ji ban da ta cikin gida sai ta talabijin. Ta ce, "Liman, bana ma haka zan ji tafsirin? Malam ya buɗe baki sai ya daskare, kafin ya dawo an wuce ayar?"

Washegari na shiga Legas kai goro, na biya wani shagon kayan wuta. Yaron shagon ya ɗauko mini wata eriya ta roba mai juyawa da rimot, har da 'yar fitila a jiki, ya ce daga ɗaki zan riƙa juya ta. Ni da na yi shekara talatin ina faɗa wa masu saye kada kyawun ganye ya ruɗe su, a buɗe huhu a ga goron, sai ga shi kwali ya ruɗe ni. Na biya, na ƙara da busta. Muka ɗaura a bakin rufi. Hoto dai yana nan yadda yake, ruwan farko da aka yi kuwa injin juyawar ya tsaya cak.

Wanda ya fitar da ni wani matashi ne mai gyaran rediyo da yake bin mu salla. Bai ko taɓa eriyar ba, sai ya buɗe dikoda ya nuna mini layi biyu: ɗaya na ƙarfin sigina, ɗaya na ingancinta. Na ƙarfi ya cika, na inganci yana can ƙasa yana rawa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, busta kamar lasifikar masallaci ce. In muryar ladan ta dishe, dishewar za ta ƙara wa ƙarfi." Da can, zamanin tsohuwar talabijin, in sigina ta yi rauni hoto yakan yi yayyafi amma kana gani. Ta dikoda ba ta san wannan ba, ko ta kawo tas ko ta daskare.

Abin da ya sa na saya mai araha ce, ta gorar ruwa, doguwa mai haƙarƙari kamar ƙayar kifi. Yawan haƙarƙarin nan da tsawon jikin su ne ke tattaro sigina daga nesa, amma daga fuska ɗaya kawai, don haka dole ka san inda tasharka take. Mu nan muna tsakiya ne: Legas kudu maso yamma, Ibadan arewa maso gabas, Abekuta arewa maso yamma, eriya ɗaya ba za ta kalli ukun ba. Muka zaɓi Legas. Da ya gama saiti na ɗaga kai, sai na ga ta ba alƙibla baya sosai. Na ce to, ita dai ba a wajabta mata salla ba.

Tsawo ya fi komai aiki. Gidanmu a gangare yake, gabanmu bene, ga kwanon rufi ta ko'ina yana mayar da sigina, ga bishiyar mangwaro da in ganyenta ya jiƙe take tare hanya. Bututun ƙarfe biyu muka haɗa, muka ɗaure da waya ta fuska uku saboda iska. Yana sama yana juyawa kaɗan-kaɗan, ɗana yana ɗaki yana kwala masa lambar inganci ta taga. Motsin da bai kai faɗin tafin hannu ba sai ya canza lambar.

Sai kebul. Wanda nake da shi siriri ne, an yi masa ƙari biyu, da aka yanka bakinsa ruwa ne ya fito, tagullar ta yi baƙi. Muka sa mai kauri, wanda ake kira RG6, guda ɗaya ba ƙari, aka naɗe mahaɗin sama da salatif, aka lanƙwasa shi ƙasa kafin ya shiga taga don ruwa ya ɗiga waje. Bustar ma ba a jefar ba, ya ce in za a yi amfani da ita a kusa da eriya take da amfani, ba a bayan talabijin ba. Mu dai ba mu buƙace ta ba.

Wani abu nake roƙon iyaye. Ranar da muke ɗaga bututun nan iska ta karkata shi, saura ƙiris ya kwanta kan wayar wuta, yara biyu na riƙe da gindinsa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Layukanmu a matse suke, wayoyi sun sauko ƙasa. Kada a tura yaro shi kaɗai, kada a ce ai ba wuta, tana iya dawowa ba sallama. A auna da ido: in bututun ya faɗi, ina zai sauka? A kuma ja masa wayar tagulla zuwa ƙarfen da aka binne a ƙasa, in hadari ya taso da tsawa a zare kebul daga dikoda.

Hajiya ta ji tafsirinta har aka rufe. Eriyar robar tana nan a kan sif ɗin shago, mutum biyu sun taya, na faɗa musu aibinta, suka fasa.