Kwamfuta Ba Ta Cika Mana Zance

Mu da muka fara koyon ba kwamfuta umarni da girma, muna zaune benci ɗaya da 'ya'yanmu, darasin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na jerin haruffa. A harshen Python, wanda Guido van Rossum na ƙasar Holan ya fitar a 1991, duk abin da aka sa cikin alamar zancen wani, kwamfuta takan ɗauke shi kamar tsakiyar da aka jera a zare, kowane harafi da mazauninsa.

Mu ɗauki kalmar "gida". In muka tambayi tsawonta, sai ta ce 4. Amma daga sifiri take fara ƙirga mazauni, wato g yana 0, a kuwa yana 3. In muka haɗa "Ladi" da "Musa", sai ta ba mu "LadiMusa" a manne, gama filin da ke tsakanin kalmomi shi ma harafi ne a wurinta, sai mun sa shi da hannunmu. Haka kuma "2" da "3" cikin alamar zance sukan zama "23", ba 5 ba.

Dalili kuwa shi ne, kwamfuta ba ta san ma'ana ba, lamba ta sani. Ƙaramin k lambarsa 107, babban K kuwa 75, saboda haka "Kano" da "kano" ba ɗaya ba ne a gare ta.

A nan ne zancen ya shafe mu. Tsarin ASCII da aka yi a Amurka a 1963 gurbi 128 ne kawai gare shi, ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ. Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya ba haruffanmu masu lanƙwasa gurbinsu. Lambar ƙ ita ce 409. Mutum in ya ga "baki sun zo", ya san baƙi ake nufi. Kwamfuta ba ta yin wannan alheri. Yaron da aka rubuta sunansa Ɗanladi a rajistar makaranta, in aka neme shi da Danladi, sai ta ce babu shi, alhali kuwa yana cikin aji.

Saboda haka, iyaye, in yaranmu sun fara wannan koyo, mu sa su gwada da kalmomin gida: ƙafa da kafa, ɓata da bata. Gobe su ne za su riƙe rajistar asibiti da ta makaranta, sunayenmu kuwa suna ciki.