Bindigar Fin da Allon Samfur

Yaran da ke koyon aikin firem, da zarar an ce za a sayo bindigar fin, tambayarsu ɗaya ce: wacce ta fi ƙarfi? Ni kuwa tsufa a cikin sana'ar nan ya koya mini cewa sandar firem mafi siranta a shago ita ce ke zaɓar bindiga. Wadda duk za ta tsaga wannan sandar ba ta da amfani a wurina, ko nawa aka saye ta.

Samfur, wanda shi ma da bindigar nan ake haɗa shi, ba wani babban abu ba ne a ido. Guntaye biyu ne, kowanne kamar santimita 15, a yanka bakinsu a kan digiri 45, a haɗa su su ba da kusurwa, a rataye a allo. Mai saye ya zo da hoton aure, ko takardar shaidar kammala karatu, ko Ayatul Kursiyyu da aka rubuta da ruwan zinare, sai ya ɗauki samfur ya kara a gefe ya ga ko sun dace. Firem na gaske sau ɗaya ake rataye shi a bango a manta da shi. Samfur kuwa kullum yana hannu, wannan ya murɗa, wancan ya yar a ƙasa, yaro ya ɗauka ya buga a tebur. Kusurwa huɗu ke riƙe firem, ga gilashi da bayansa suna taimako, amma samfur kusurwa ɗaya tak gare shi.

Lokacin da muka taso, gam ne da 'yan ƙananan ƙusoshi da guduma. Daga baya bindigar hannu ta shigo, irin Arrow T50 ta Amurka da ire-irenta na Sin, masu cin fin daga milimita 6 zuwa 14. Ba ta neman wuta, ba ta neman mai, kuma a farin katako mai laushi irin obeche da muke sayowa a 'Yan Katako na Na'ibawa, ba ta da laifi. Matsalarta tana bayyana a katako mai tauri. Ka ɗora ta a bayan maɗaci, ka matsa, sai ta yi tsalle, fin ya shiga rabi ya lanƙwashe, girgizar kuma ta raba bakin da ka sha wahalar daidaitawa. Mai lantarki ba zan ɓata baki a kanta ba, ranar da wuta ta zo da rauni ita ma da rauni take bugu.

Wadda na fi natsuwa da ita ita ce ta iska, irin ta masu yin kujerun kushin, wadda ake jona wa kwamfireso. Fin ɗinta siriri ne, ba ya tsaga itace, kuma kana iya rage iska ko ƙara ta gwargwadon taurin abin da ke gabanka. Wannan ya zama dole tun da sandunan roba masu kwalliyar zinare suka cika kasuwa. Ido yana ganinsu kamar katako, amma cikinsu kumfa ce da ta daskare, bugu mai ƙarfi sai ya huda su ya fasa fuskar. Ƙa'idata ita ce ƙafar fin kada ta wuce rabin kaurin sanda da yawa, kuma in gwada a kan guntun da aka yar kafin in taɓa na kirki.

Akwai abin da masu sayar da bindiga ba za su gaya maka ba: fin ba ya jawo baki biyu su haɗu. Yadda ya same su haka zai riƙe su. Idan yankan bai zauna ba, ko ka zuba fin goma, gibin yana nan yana kallonka. Na'urar da kamfanin Cassese na Faransa ya shahara da ita tana tura wani ƙarfe mai siffar V ta ƙasan kusurwa, shi ne ke matse bakin da kansa, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin ƙaramin shago. Mu namu, a shafa gam a bakin biyu, a matse a kan tebur mai laushin shimfiɗa, a buga fin biyu ta baya suna ƙetare layin haɗin, ɗaya kusa da ciki, ɗaya kusa da waje. Aikin fin shi ne ya yi gadi har gam ya bushe. Wanda ya tsallake gam zai gane kurensa da hunturu, lokacin da iskar Kano ke tsotse ruwan katako, samfura su dinga buɗe baki a kan allo.

Wasu abokan sana'a kan ƙawata samfur fiye da aikin da za su miƙa. Ban taɓa ganin ribar hakan ba, domin mai saye da samfur yake auna abin da aka ba shi.

Kafin ka biya kuɗin kowace bindiga, ka ɗauki kwalin fin ɗinta ka zaga Sabon Gari da Ƙofar Ruwa ka ga shago nawa ke da irinsa. Fin kala-kala ne, faɗin kansa da kaurin wayarsa sun bambanta, na wannan ba ya shiga waccan, in ma ya shiga sai ya maƙale. Na ga bindigogi masu tsada da aka zo da su tsaraba daga Dubai suna kwance a akwati, fin ɗin da suka zo da shi ya ƙare, an nemi irinsa an rasa.