"An wafce ta," sai dariya



Ran Talatar da ta wuce, bayan magariba, ƙanwata na tsaye bakin titi kusa da Château 1 nan Plateau, tana jiran taksi, salula a kunne. Samari biyu bisa moto suka zo, na baya ya miƙa hannu, shi ke nan. Ko fuskarsu ba ta gani ba. Salular ba mai tsada ba ce. Amma cikinta akwai saƙonnin murya na Inna, Allah ya jiƙanta, kuma ba mu kwafe su ko'ina ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda labarin ya iso fada washegari. "Wai an wafce ta!" Sai dariya, ana ta zuba shayi. Ban ga laifinsu sosai ba, don ni ma haka nake faɗa in abin ya faɗa wa wani. Wafce, fizge, sane, ya yi awon gaba da ita. A lakwal kuma "piquer" muke cewa in an ɗauke ma biro. Duk kalmomin nan sauri suke yabo da zafin hannu, ba ruwansu da wadda aka bari tsaye tana rawar jiki.

Ba mu kaɗai ba ne. A Edinbara, babban birnin Sikotland, matasa na cewa "chore" in sun ɗauke abu a kanti. Sun aro ta daga harshen Romani, mutanen da Faransawa ke kira Tsiganes, waɗanda kakanninsu suka fito daga Indiya. Wanda ya tashi da kallon fim ɗin Indiya ya san ta: "chor", ihun da ake yi in an biyo ɓarawo. Kun ji fa, kalmar ihu ce, ta yi tafiya har ta koma ta raha.

A komisariya an rubuta "vol à l'arraché". Ni kuwa da na shiga studiyo na riƙe takardar sanarwa, na ga na rubuta "fizge" da hannuna. Na soke, na sa "sata". Abokin aikina ya ce, "Kai, ai ta yi nauyi." Na ce a bar ta haka.

Ƙanwata ta karɓo tsohuwar lambarta a sabon layi. Jiya da dare ta roƙe ni in duba tawa salular, ko akwai muryar Inna ko guda. Na samu ɗaya, sakan 11, tana tambaya ko na ci abinci.