Ƙarfen Sirdi Da Aljihun Talaka

Yau na ɗan jingine labarin soyayya, maganar keke zan yi.

Ƙarfen da ke riƙe sirdin kekena mai giya, irin na hawan duwatsu, ya lanƙwashe, ga aljihu ba nauyi. Masu kayan keke kowa na yabon nasa, ni kuwa kaurin ƙarfen kawai nake dubawa. Ana buga lambar a jikinsa, can wajen ƙasa: 27.2 ko 30.9 ko 31.6, duk milimita. Nawa 27.2 ne. In ka sayi wanda ya fi siranta, za ka yi ta matse bakin firam har ya tsage, garin neman sauƙi a rasa keken ɗungurungum.

Na bar wa masu hali na kabon, na ɗauki alminiyam na gwanjo, bayan na tabbatar babu tsaga. Na shafa masa giris don kada ya cije a ciki, kuma ban ɗago shi ya wuce layin da aka zana ba.

Ɗan'uwa, in kuɗinka kaɗan ne, haƙura da ƙyalƙyali, amma ka tafi kasuwa da tsohon ƙarfenka a hannu. Sai mun sake haɗuwa.