Sabarar hanyar Dakoro

Bayan an gama girbin hatsi muka tashi daga Maraɗi mu shida, za mu ziyarci wata ƙungiyar asusu kusa da Dakoro. Ciyawa ta bushe, gonaki sai kara. Abin da ya rage da ɗanyen ganye a bakin hanya shi ne sabara, ganyenta fari-fari kamar an barbaɗa masa toka.

'Yan uwa mata, duk mun san ta. Wace ce cikinmu ba a dafa mata ganyen sabara ba lokacin wankan jego? Da ita muke girki, wasunmu ma da kuɗin iccenta suke zubin mako. Amma ba mu taɓa tsayawa mun duba masu zama a ƙarƙashinta ba.

Shugabar ƙungiyar da ta sauke mu, tsohuwa ce, ta kai mu gonarta da maraice. Muna kusantar wani kurmin sabara sai zomo ya yi wuf ya fita. Ta nuna mana sawun fakara a rairayi, da sheƙar kurciya cikin rassa, ga ƙudan zuma na bin furanninta masu ruwan ɗorawa. Ta ce: "'Ya'yana, da rani ina waɗannan za su ɓuya in ba nan ba? Ku dubi fili, ko inuwar ƙadangare babu."

Muka ce: "To Inna, ba ta cinye miki gona?"

Ta yi dariya, ta tona gindin da hannu. Ƙasar baƙa ce, ganye ya ruɓe a ciki. Sabara na tare ƙasar da iska ke kwasa. Masu bincike a Senegal ma sun gano saiwarta na jawo ruwa daga can ƙasa, cikin dare ta saki danshi a sama, hatsin da ke kusa ya amfana. Shi ya sa Inna ba ta tumɓuke ta. Sassaben zamani take yi: ta bar rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ta sare sauran ta kai murhu, kututturen ya sake tohowa.

Arewa da Dakoro akwai gandun dajin Gadabeji, inda aka kai raƙuman dawa 8 daga yankin Kure a 2018. Su suna da jami'an daji masu tsaronsu. Zomo da fakara kuwa, makomarsu na hannun mai gatari, kuma sau da yawa mu ne.

A hanyar dawowa mun ga gonakin da aka haƙe kututturen sabara aka sayar. Ƙasar ta yi fari fat, ba mu ga tsuntsu ko ɗaya ba. Kuɗin sau ɗaya ne, iccen baɗi kuma babu.

Mu dai mun yanke shawara a ƙungiyarmu: reshe za mu sara, ba saiwa ba. Ku ma ku kawo zancen a taronku na wannan mako, bayan an rufe akwati. Allah ya ba mu damina mai albarka.