Ba kullum batir ke da laifi ba

Ranar Juma'a da yamma, idan kasuwar shanu ta Wudil ta fara watsewa, da wuya ka rasa motar da ake turawa a bakin titi kafin gada. Tambayi direban, amsa ɗaya ce: "Batir ne ya mutu." Gobe ya sayo sabo, kafin wata kasuwar ta zagayo shi ma ya kwanta.

'Yan uwa direbobi, aikin batir shi ne tada inji. Da mota ta tashi, sauran aikin na altaneta ne. Inji ya ja fambel, fambel ya juya altaneta, ita kuma ta ba fitilu da rediyo wuta, ta mayar wa batir abin da kik ya zuƙe. Batir randa ce, altaneta mai ga-ruwa. In mai ga-ruwa ya ɗauke ƙafa, komai girman randa sai ta ƙafe.

A cikin altaneta akwai dayod masu gyara wutar ta koma irin wadda batir ke karɓa, da regileta mai hana ta wuce kima, da wasu ƙananan buroshi na gawayi da ke cinyewa a hankali. Ƙurar hunturu da zafin bazara duk ba sa raga musu.

Mai riwaya da ya san aikinsa mita yake ɗorawa. Mota a kashe, lafiyayyen batir zai nuna kusan 12.6. Inji na aiki, a ga tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da 13, caji ba ya shiga. Ya haura 15, ana dafa batir ne, har ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne cire kan batir inji na aiki, wai a gani ko mota za ta mutu. Dabarar zamanin Fijo 504 ce. Golf da Sharon ɗin da ke jigila tsakanin Kano da Wudil suna da ƙwaƙwalwa, kuma wutar da ke zabura lokacin da aka cire kan na iya ƙona ta. Garin neman ƙiba sai a samo rama.

Idan jar fitilar batir ta kama kana tafe, kashe duk abin da ke shan wuta, ka duba fambel tukuna. In lafiyarsa ƙalau, nufi mai riwaya kafin dare, ka ce masa: "Maigida, a auna mini caji." Sau da yawa buroshi ne kawai, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na batir ba.

Allah Ya kiyaye hanya.