Wutsiyar Talibambam da Yatsun Kawu

Da daminar bara yaranmu suka kamo talibambam a kududdufin bayan gida, nan Shanono, suka zuba cikin tsohuwar ƙwarya. Wutsiyar ɗaya ta gutsure. Bayan kamar mako biyu, sai ga ta ta sake tsirowa. Autarmu ta dubi hannun kawunta, wanda injin niƙa ya cinye masa yatsu biyu, ta ce, "Kawu, don me naka ba su tsiro ba?" Muka tsawata mata. Shi kuwa ya ce a ƙyale yarinya, gama shi ma yana so ya sani.

Ashe masana sun daɗe kan wannan tambaya, kwaɗo ne kuwa malaminsu. A 1962 wani Bature, John Gurdon, a Jami'ar Oxford ta Ingila, ya ciro cibiyar ƙwayar hanjin talibambam, ya sa cikin ƙwan kwaɗo da aka cire wa tasa. Sai ga talibambam sukutum ya fito! Wato ƙwayar hanji ma tana riƙe da umarnin gina dukan jiki, sai dai yawancinsa a kulle yake. Ya sami kyautar Nobel a 2012.

Umarnin nan shi ake kira ƙwayoyin gado. A 2010 aka karanta na wani kwaɗon kurmi, wanda asalin zuriyarsa daga Nijeriya ne. Aka iske sun fi 20,000, aƙalla 1,700 kuma suna da 'yan'uwa cikin waɗanda ke jawo wa mutum cuta. Mu da muke kore kwaɗi da tsintsiya!

Sa'ad da kwaɗo ya girma, shi ma kamar kawu yake, ƙafarsa ba ta komawa yadda take. Amma a 2022 masanan Jami'ar Tufts ta Amurka suka ba da labari cewa sun rufe dungun ƙafar manyan kwaɗi da magani iri 5, na awa 24 kaɗai. Cikin wata 18 ƙafa ta tsiro, har suna iyo da ita, ko da yake yatsun ba su da ƙashi.

Ba a kai kan mutum ba tukuna, muka faɗa wa kawu haka ba ɓoye-ɓoye. Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya sa yaran su mai da talibambam kududdufi kafin kaji su gan su.